Fanal ɗin ƙofar Fijo 504 ya kumbura: a gyara ne ko a nemi wani?

"Assalamu alaikum Baba. Ina da Fijo 504 salun, haɗin Kaduna, wadda marigayi mahaifinmu ya saya a 1982. Ta yi kusan shekara tara a ajiye a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Gwammaja. Na tashi injin, an yi mata fenti, saura ciki. Fanal ɗin ƙofofin gaba duka biyu, wato rufin da ke lulluɓe su ta ciki, sun kumbura daga ƙasa, na gefen direba har yana lilo. Hannun ɗaga gilashi ɗaya ya karye, wurin ɗora hannu ya tsage. Wani mai kushin ya ce a cire duka a zubar, ya yi mini sababbi da baƙar leda. Ni kuma ina son ta koma yadda na san ta ina yaro, ruwan ƙasa. A ina zan samu na asali a Kano? In ba a samu, ana iya gyara waɗannan?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Tambayarka biyu ce a dunƙule: ina ake samun na asali, kuma ana iya ceto wanda ke jikin motar. Zan amsa duka, amma bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Kada ka yarda kowa ya zubar da fanal ɗin nan, ko da ya koma kamar tsumma. Na fi shekara talatin ina aikin cikin mota a garin nan, kuma yawancin masu tsofaffin motocin da suka zo wurina suna cizon yatsa, ba lalacewar kayan ce ta kawo su ba. Wani ne ya riga ya yage ya jefa a bola, suka zo da ƙofa tsirara suna tambayata yadda zanen yake a da.

Abin da mai kushin ɗin ya faɗa maka ba ha'inci ba ne. In motar haya ce da za ta yi jigila Kano zuwa Gumel, baƙar leda da ƙusa mai zare sun wadatar, ni ma na yi irinsu ba adadi. Amma wannan motar mahaifinka ce, kuma ka faɗi abin da kake so.

Abin da ke cikin fanal

Fanal ɗin ƙofar mota ta wancan zamani hawa uku ne. A baya akwai kwali mai tauri, irin silin ɗin da kafintoci ke sa wa bayan durowa, kaurinsa kamar milimita 3. A kansa akwai siririn soso ko auduga. A sama sai fatar roba, wadda muke ce wa leda, mai launi da zanen layuka. Bayan kwalin akwai kilif-kilif da ke shiga ramukan ƙarfen ƙofa. Sannan tsakanin fanal da ƙarfen akwai wata farar leda da aka manna, wadda mutane da yawa ke ɗauka ta banza ce. Za mu dawo kanta.

A cikin hawa ukun nan, kwali ana saye a 'yan katako, soso ana saye da yadi. Fatar sama ce kaɗai ba ta da na biyu. Ka duba layukan da ke jikinta da kyau, za ka ga babu zare. Ba ɗinki ba ne. A masana'anta ake danna wani ƙarfe mai siffar zanen a kan robar, a narka ta da ƙarfin lantarki, layin ya zauna daram. Ba mu da wannan inji a shagunanmu, kuma ko da akwai, ƙarfen zanen 504 na 1982 ba ya hannunmu. Launin ma haka: ruwan ƙasan da ka sani kana yaro, za ka zagaye kasuwa ka samu mai kama da shi, amma ƙwayar fatar, wato ɗan ƙurji-ƙurjin da ke samanta, da wuya ta zo ɗaya.

To abin da ya kumbura a motarka kwali ne, abu mafi araha a cikin ukun. Tunda kuma a ƙarƙashin rumfa ta kwana shekarun nan, ina kyautata zaton fatar tana da sauran rai. Rana ce babbar maƙiyiyar robar nan. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafin ne ke fitar da sinadarin da ke sa roba laushi a hankali a hankali, har ta ƙanƙance, ta bushe, ta fara tsagewa kamar ƙasar fadama da rani. Ga gwaji mai sauƙi: ka kama gefen fatar inda ta ɓare, ka lanƙwasa tsakanin yatsu biyu. In ta lanƙwasu ta dawo, akwai aiki. In ta yi fari a wurin ko ta ce ƙas, wannan sashen ya tafi.

Ruwa daga ina?

Wannan ita ce tambayar da ba ka yi ba, kuma ita ce gaba da komai. Cikin ƙofar mota wuri ne da aka yi shi don ya jiƙe. Ruwan sama yana bin gilashi ya wuce robar da ke share shi, ya gangara cikin ƙofa, ya fita ta wasu 'yan ramuka da ke ƙasan ƙofar. Farar ledar da na ambata ita ke hana wannan ruwan taɓa kwali. Abu uku ke ɓata tsarin: robar bakin gilashi ta bushe ruwa ya riƙa shiga da yawa, ko ramukan ƙasa su toshe, ko wani bakanike da ya taɓa gyara makulli ko injin gilashi ya yage ledar bai mayar ba. Na ukun nan ya fi yawa. A ƙofa goma da nake buɗewa, da ƙyar in tarar da ledar lafiya a biyu ko uku.

Wata 504 da aka taɓa kawo mini, da na zura hannu ƙasan ƙofar direba, sai da na kwaso busasshiyar laka cikin tafi biyu, ƙurar hunturun shekaru ce da ruwan damina ya kwaɓa. A cikinta akwai ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara, da tsohon kwabo ɗaya da ya yi kore. Ramukan fitar ruwan sun toshe ruf. Duk watan Agusta ƙofar nan tulu ce. Mai motar ya canza fanal sau biyu a wurin wasu kafin ya zo, yana ta zagin kwalin zamani.

Kai kuma ka ce an yi fenti kwanan nan. To ka durƙusa ka leƙa ƙasan kowace ƙofa, domin masu fenti sukan cike ramukan nan da foti ba da gangan ba. Ka zura waya ka buɗe su. In akwai tsatsa a cikin ƙasan ƙofar, a kankare a shafa jan fenti mai hana tsatsa tun yanzu da ƙofar ke buɗe.

Yadda za a cire ba tare da ɓarna ba

Rabin lalacewar fanal a lokacin cirewa take faruwa. Ka ɗauki hoton kowace ƙofa da wayarka tukuna, gilashi a rufe, don ka tuna inda hannun gilashin ke kallo. Sai a kwance wurin ɗora hannu, a cire abin da ya zagaye hannun buɗe ƙofa, a cire hannun gilashi. Shi wannan hannun, a tsofaffin motoci hanya uku ake riƙe shi: ko sukuru da aka ɓoye ƙarƙashin ɗan murfi, ko ɗan fil da ya ratsa shi, ko wata waya mai siffar kofaton doki da ke bayansa. Ka danna fanal ɗin ciki ka haska da tocila ka ga wanne ne kafin ka ja. In wayar ce, ka zura tsumma ta bayan hannun ka riƙa ja hagu da dama, za ta fito da kanta. Ka sa tafin hannu a kusa, don tana tsalle ta ɓace.

Daga nan sai kilif. Kada a sa sukudireba a tsakanin kilif biyu a ɓamɓara, kwalin ne zai yage ya bar kilif a jikin ƙarfe. A samu faffaɗar wuƙar foti, a naɗe ta da ƙyalle saboda sabon fentinka, a lalubo kowane kilif a tura wuƙar daf da shi, sannan a ɗaga.

Ni kaina na sha darasi a kan gaggawa. Ina yaron shago aka kawo wata Marsandi, irin wadda ake ce wa V-but, lokacin tana sabuwar yayi. Na saba da Fijo da Datsun, sai na sa hannu na fizgo fanal ɗin waje. Ashe nata ƙugiyoyin roba ne, sama ake ɗaga shi ya zame. Na ji ƙas, ƙas, ƙas, har huɗu. Maigidana bai ce mini uffan ba. Ya ɗauko ƙugiyoyin daga ƙasa ya zuba mini a tafin hannu, ya koma kan kekensa. Kwana biyu na yi ina manna su. Tun daga ranar, duk ƙofar da ban taɓa buɗe irinta ba, sai na leƙa bayanta da tocila.

Inda ake nema

Mutum zai ɗauka kayan 504 sun fi komai sauƙin samu a Arewa, kuma ta fuskar inji da ƙafa haka ne. Motar ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kaduna kuwa sai a tsakiyar shekarun 2000 ta tsaya. A zamaninta ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta tasha, ita ce ta kai amarya. Amma tsawon ran nan nata shi ne tarkon. Ƙarfen ƙofar bai canza sosai ba, kayan cikin kuwa sun sha canzawa: launi, zane, siffar wurin ɗora hannu, aljihun ƙofa. Fanal ɗin Best Line, samfurin 504 na ƙarshe-ƙarshen nan, zai iya hawa ƙofarka, amma ba shi ne abin da ka sani kana yaro ba.

Ga kuma dalilin da ya sa kayan ciki ke wahalar samu. Ɗan gwangwan da kilo yake sayarwa. Ƙarfe yana da kilo, kwali da leda ba su da shi. In an yanka mota, inji da giyabos a shago suke kwana, fanal kuwa a jingine shi a bango ruwa ya bi ta kansa, ko yara su hura wuta da shi.

Duk da haka ka fara da Ƙofar Ruwa, wurin masu yanka motoci, ba masu sababbin kaya ba. Kada ka je da baki kawai. Ka ɗauki tsohon fanal ɗinka a hannu, ko aƙalla ka kwafe shi a takardar buhun siminti, ka huda inda hannun gilashi da hannun buɗewa suke. Daga nan ka shiga Kwakwaci ka nemi dattawan kanikawan Fijo. Su ne suka san gidan da wata 504 ke kwance tayoyi a sace, kuma a ganina nan ne ainihin ma'adinin: motocin tsofaffin ma'aikata da ke ajiye a gareji a unguwanni irin su Nassarawa da cikin gari, waɗanda magada ba su san yadda za su yi da su ba. Irin wannan sai da sallama da haƙuri, kuma sau da yawa sai dai ka sayi ƙofar ɗungurungum. Sabon Gari wurin ƙananan sababbin kaya ne, kilif da robar gilashi da hannaye. In Kano ta gaza, Panteka a Kaduna ita ce ta gaba, tunda garin motar ne, sai Ladipo a Legas. Wanda ke da ɗan'uwa a Maraɗi ko Damagaram ya sa a duba masa, don Fijo ta zauna sosai a Nijar, sai dai in shigowar Faransa ce, launi da zane kan bambanta da na Kaduna.

Abu biyu ka kiyaye. Na farko, ƙofar baya ta wagon ba ɗaya take da ta salun ba. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a wagon mita 2.9 ce, ta salun mita 2.74, don haka fanal ɗin baya ba sa musanya, ko da mai shago ya rantse. Na biyu, in an miƙo maka fanal, kada kyan fuskarsa ya ɗauke ka, yaran shago sun iya shafa mai ya yi ƙyalli. Juya bayansa. Shinshina, warin rima ba ya ɓuya. Duba ko gara ta bi ta ciki, duba ramukan kilif. Amma ka tuna lissafinmu: in fatar lafiya take kuma launin ya dace, ruɓaɓɓen kwali ba aibi ba ne, dalilin neman ragi ne kawai.

A intanet kuwa, da Faransanci za ka fi samun kayan Fijo. Fanal shi ne panneau de porte, hannun gilashi manivelle, wurin ɗora hannu accoudoir, kilif agrafe. Ka haɗa da 504 ka bincika a eBay ko Leboncoin. Akwai kuma L'Aventure Peugeot, masu gidan tarihin Fijo a garin Sochaux, waɗanda ke sayar da wasu kayan tsofaffin motocinsu. Shawarata a nan: ƙananan abubuwa za ka sayo daga waje. Fanal faffaɗan abu ne mai saurin karyewa, kuɗin kawo shi kan fi kuɗinsa. Masu tallar Facebook kuma, kada ka tura ko sisi a kan hoto ɗaya. Ka ce a yi maka bidiyo, a juya bayan kayan, a ɗora tef ɗin awo a kai.

Gyaran wanda ke hannunka

Da ni ne, neman nan zan sa shi a gefe yana tafiya a hankali, in fara gyara. Aikin shi ne a raba fata da mataccen kwali a mayar da ita kan sabo.

A kwantar da fanal rub da ciki a kan tabarma mai tsabta, a zare 'yan ƙusoshin da suka riƙe naɗin gefe ɗaya bayan ɗaya. Soson zai fito kamar garin kwaki, a share shi. Wurin da ake yin ɓarna shi ne kan layukan zanen, don a nan fatar kan manne da abin da ke bayanta. Kada a ja fatar. Kwalin za a sadaukar: a ɗan jiƙa shi daga baya, a riƙa ɓare shi sala-sala da reza har ya rage ɗan siriri a kan layin, a bar wannan a wurin. Amma kafin a taɓa shi da reza, a kwafe siffarsa da duk ramukansa. In na gefen direba ya ruɓe har ba a gane gefensa, a ɗauki na ɗaya gefen a kifa, tunda hagu da dama madubin juna ne.

Sabon kwalin a samo silin mai tauri na milimita 3, akwai shi a 'yan katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo. Za a ba ka shawarar filawud mai kauri wai ya fi ƙarfi. Kada ka karɓa. Ƙarin milimita ɗaya ko biyu ya isa ya hana kilif kamawa, ya sa hannun gilashi ya riƙa gogar fata har ya zana mata da'ira. Wasu abokan sana'a yanzu suna amfani da alukobon, farantin nan da ake lulluɓe gaban shaguna da shi. Ruwa ba ya cinsa, gaskiya ne, amma ƙusar sitefula ba ta shigarsa, komai ya dogara ga gam, kuma bakinsa yana da kaifi, yana yanka fata a kwana a tashi. Ni dai silin nake yi, in shafe shi da banish sau biyu gaba da baya, har da bakin yankan da cikin ramuka, don ta nan ruwa ke fara shiga.

Soso siriri za a sa, kada a cika. Mutanenmu suna son abu ya yi tudu kamar kujerar falo, amma ƙofar 504 kusan shafe take, kuma tsohuwar fatar ta riga ta ɗan ƙanƙance, ba za ta rufe kauri ba.

Batun gam. Irin na masu takalma ake amfani da shi, wanda ake shafa wa fuska biyu a jira ya sha iska har ya daina kama bayan yatsa, sannan a haɗa. Ka sayi mai kyau na gwangwani a rufe, wanda aka rubuta yana jure zafi. Na awo da ake tsiyayowa a kwalba an sha sirka shi, bazara ɗaya zai saki, araha ba ta ado. Ba a malale gam a kan soso gaba ɗaya, yana shanyewa ya bar lotsa-lotsa a fuskar fata. Kan layukan zane da naɗin baya ake sa shi. Sufa gulu kuwa kada ya kusanci wurin, yana ƙona robar ta yi fari ta taurare. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta, don tururin gam ɗin yana kamawa.

Ga inda ranar Kano ke yi mana rana. Kafin a ja fatar a kan sabon kwalin, a shanya ta kamar minti goma sha biyar da hantsi, za ta yi laushi kamar ganye. A fara daidaita ramin hannun gilashi da na hannun buɗewa, sai a ja daga tsakiya zuwa gefe, kusurwa ce ƙarshe. Kada a yi wannan aiki da sanyin safiyar hunturu, robar tana ƙandare, ja ɗaya za ta tsage.

In ƙasan fatar ya ci wuta har ba ya ceto, akwai dabara. A yanke daidai kan layin zane na ƙasa, a sa siririn kafet mai launin na ƙasan motar a wurin. Motoci da yawa na zamanin suna da irin wannan daga masana'anta, ido ba ya ƙin sa. Sai dai a yi wa ƙofofi huɗun duka.

Hannun gilashi da wurin ɗora hannu

Hannun gilashi ba ya karyewa haka kawai. Injin ɗaga gilashin ne ya yi tauri, tsohon giris ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙaro, mutum ya sa ƙarfi. In ka sa sabo ba ka wanke injin da kananzir ka sa sabon giris ka share hanyar da gilashin ke bi ba, shi ma sabon kwanansa ƙidayayyu ne. Wajen saye ka tafi da karyayyen, a gwada haƙoran cikinsa, don hannaye da yawa suna kama da juna a fuska amma haƙoransu daban. Ka sayi biyu, na hagu da na dama su zo iri ɗaya, ka adana tsohon mai lafiya.

Wurin ɗora hannu soso ne da aka zuba a kan ƙashi, da fatar roba a sama. In tsagar ƙarama ce, a cike ta daga ciki a manne. In ta yi baki, ni abin da nake yi shi ne in kai wa dukawa a Kasuwar Kurmi su zaɓo mini fatar akuya mai laushi, a fefe ta ta yi siriri, a rina ta kusa da launin, a lulluɓe duka biyun. Ba na asali ba ne, amma fatar akuyar ƙasar nan ita ce Turawa suka daɗe suna saye suna kiranta fatar Maroko, ba abin kunya ba ce a ƙofar Fijo. Gwiwar hannu ma ta fi jin daɗinta da zafi.

Sauran 'yan robobi masu tauri da suka tsage, a ɗiga musu ruwan goge jan farce mai asiton a baya. In wurin ya yi danƙo, robar ABS ce, ana narka gutsurenta a asiton a yi kunu a cike tsagar, ta kama kamar ba ta taɓa karyewa ba. In bai yi komai ba, gam ba zai riƙe ta ba, sai a ɗinke da ƙarfen soda mai zafi a nutsa 'yar ragar waya a ciki. Yaran yanzu suna buga irin waɗannan da firinta 3D, na ga wasu sun yi kyau. Ka dai ce kada a yi maka da robar PLA, tana fara laushi wajen digiri 60, motar da ta yini a rana a Kano kuwa tana iya kai wa haka.

Inda hannuna ya tsaya

Ban ga motarka ba, daga bayaninka nake magana. In ka lanƙwasa fatar ta karye ko'ina, to ba ni da dabarar dawo da ita, mai da ake shafawa ƙyalli kawai yake ba ta. A nan sai sabuwar leda, kuma ko a nan tsohon fanal ɗin ne jagora: da shi za a je kasuwa a gwada launi a hasken rana, ba a cikin shago ba, daga jikinsa za a auna tazarar layuka a bi su da ɗinki, da zare mai launin ledar. Daga taku uku ba mai ganewa. Wanda ya san 504 in ya matso zai ga zare inda da babu, wannan kuma ba yadda na iya da shi. In ta kai ga haka, a yi ƙofofin bibbiyu ko duka huɗu, don sabo kusa da tsoho yana tona asirin juna. Launin asalin ma kada a ɗauke shi daga fuskar da rana ta ci, a duba naɗin da ke bayan kwali, inda haske bai taɓa kai wa ba.

Wajen wankewa, ruwa da sabulu mara kaifi da tsohon buroshin haƙori sun isa. Ka hana yaran wankin mota shafa mata baƙin mai ko man birki.

Ranar mayarwa, a fara da robar bakin gilashi, sannan a yanko leda mai kauri a madadin farar ledar nan mai tare ruwa, a manna a jikin ƙarfen ƙofar, a tura bakinta na ƙasa ta cikin ƙofa yadda duk ruwan da ya bi ta zai ɗiga ciki, ba kan kwali ba. Kafin a ɗora fanal, ka rufe gilashi ka ɗauko buta ka tsiyaya ruwa a kansa daga waje. Ka durƙusa ka ga yana fita ta ramukan ƙasa, ka shafa ledar ta ciki ka ji a bushe take. Sai an ga haka a jera kilif a saitin ramukansu, a buga kowanne da gindin tafin hannu, a mayar da hannayen gilashi suna kallon inda suke kallo a hoton da ka ɗauka.